Yadda Mijina Ya Shanya Kansa Kamar Kilishi

Da sunan Allah mai ba da lafiya nake farawa. Sunana Rakiya, 'yar Barmu ce ni, aure ya kawo ni Tawa. Na zauna rubuta wannan ne saboda matan 'yan dambe da iyayensu, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Akwai maganar fitsari da amai da yawa a ciki. A yi mini haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mijina mahauci ne daga Affala, sana'arsa kilishi. Ba na faɗin sunansa, amma a fagen dambe Sungumi ake ce masa. Ya fara da damben gargajiya lokacin kaka, ƙauye zuwa ƙauye, sannan wani tsohon soja da kowa ke kira Metir ya ɗauke shi ya koya masa damben zamani, wanda ake sa safar hannu a shiga cikin igiya, kuma ba a haɗa ka da kowa sai wanda nauyinku ya zo ɗaya. Ya yi suna a nan jihar. Daga baya ya karye a hannu, ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan, ya dawo muka yi aure, ya kama teburin kilishinsa. Shekara bakwai bai jefa naushi ba, in ban da wanda yake kai wa sauro. Ya ajiye tumbi, wuya ya cika, ni kuwa ina alfahari da abina, don ƙibar miji shaidar hannun matarsa ce.

Da bazara, lokacin da ko jaki ke neman inuwa, Metir ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ina daga ciki ina jin su.

"Za a yi wasa nan Tawa, baƙi za su taho daga wasu jihohi," in ji Metir. "Ba mu da kowa ga ajinka na da. Kai ɗai ka iya hisshe mu kunya, Sungumi."

Ban iya haƙuri ba, na ɗaga labule na ce, "Metir, ka dubi cikin mutumin ga kuwa?"

Ya yi dariya. "Madam, wanga duk ruwa na. Sati ukku ya ishe shi."

Daga baya na ji cewa akwai ajin masu nauyi wanda mijina zai shiga ba tare da ya rage komai ba, amma Metir ya riga ya ba wani ɗan gaban goshinsa wannan gurbin. Shi ya sa aka ce mai gidana ya zubar da fiye da kilo goma cikin ƙasa da wata guda. Da Metir ya tafi na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Mijina ya bari na gama, sannan ya ce, "Rakiya, ni da nama munka tashi. Nama ruwa na. Cinyar sa guda in na yanka ta na shanya, kahin marece sai ki ɗauke ta da hannu guda. Ina bambancin nawa da nata?"

Na ce, "Bambanci shi na, san ya riga ya mutu kahin ka shanya shi."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce bakina ya fi wuƙarsa kaifi. Washegari ya fara.

Abin da ya sani game da nama shi ya yi wa jikinsa. Ya sayo rigar leda irin ta ruwan sama da 'yan kabu-kabu ke sawa da damina, riga da wando. Da rana tsaka sai ya sa ta ya kama hanyar Barmu da gudu. In ya dawo ba ya cirewa, sai ya tsaya da ita a bakin wutar gasa kilishi, zufa na tsiyaya daga ƙafar wando har ƙasa ta jiƙe. Wata rana na kai masa saƙo wurin aiki, na tarar da shi kwance rigingine a kan tabarma kusa da gadajen shanya nama, abokansa na tsokanarsa wai a kawo labu, haɗin yajin kilishi, a shafa masa. Ya daina shan fura. Tuwo sai loma biyu. Yana dafa ganyen filasko mai sa zawo ya sha, ya wuni yana zarya ban ɗaki. Wani mai tallar magani a faranti ya sayar masa da wata ƙwaya mai sa fitsari. Kullum da tsamiya a kumatunsa, yana tara yawu yana tofarwa a gwangwani.

A sati na biyu idanunsa suka faɗa, leɓɓansa suka tsage. Jijiyar ƙafarsa ta riƙa ɗaurewa, ya faɗi yana birgima, ni ina dukan sharaɓar da hannu har ta saki. Na je wurin wansa, Yaya Illa, wanda suke aiki tare, na roƙe shi ya tsawata masa. Ya ce, "Ke dai mace ta. Namiji na, bar shi." A kwanakin ƙarshe ruwa ma ya daina sha, sai dai ya jiƙa tsumma ya goga a baki.

Ranar wasa da safe aka yi awo, ya hau sikeli ya shiga ajin. Ya dawo gida yana murna kamar an ba shi kujerar Makka, ya kafa kai ya shanye ƙwaryar fura, nan take ya amayar da ita duka. Bayan la'asar ya fita. Ni ban je ba. Kafin magariba Yaya Illa ya kawo shi a kan babur, an sa shi tsakiya. Idonsa na hagu ya rufe, hanci ya karkace, leɓen sama ya rabe biyu, rigarsa ta manne da jini. Amma da ƙafarsa ya shigo gida, har ya ce mini sannu da gida, kuma wannan ne ya yaudare mu.

Satin farko a gida muka yi shi, kuma shi ne satin da ya fi ba ni takaici. Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Affala da ƙullin ganyayyaki. Ta ce haka ake yi wa ɗan dambe tun kakanni: a gasa masa jiki da ruwan zafi safe da yamma, a ba shi romo mai kanwa. Yaya Illa ya cika aljihu da ƙwayar ciwon jiki yana ba shi bibbiyu, uku-uku. Mijina yana kuka da kai, yana amai, yana barcin da ba na lafiya ba. Ni ke fitar da fo ɗin da yake fitsari a ciki, don haka ni kaɗai na ga abin da ke ciki. Fitsarinsa ya yi baƙi kamar shayin farko. Washegari bai fi cikin cokali ba. Daga nan sai babu.

Sai ƙafafunsa suka fara cika, fuska ma ta ciko. Inna ta shafa ƙafar tana murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi, jiki na dawowa." Ni na danna yatsa a ƙaurinsa na ga rami ya zauna bai taso ba. Bakinsa yana warin fitsari, ga shaƙuwa ba tsayawa. Na ce a tafi likita. Yaya Illa ya ce sammu ne, baƙon da suka dama da shi ya shigo da asiri a cikin safar hannu, kuma allura ba ta jituwa da sammu. Aka kawo turare aka lulluɓe shi da bargo ana yi masa hayaƙi, a cikin wannan zafin.

Ran nan da hantsi ina ba shi kunu sai idonsa ya juye. Jikinsa ya sanƙare, sannan ya kama fizga, dugadugansa na dukan ƙasa, kansa na bugun ƙafar gado. Ya datse harshensa, jini da kumfa suka biyo gefen baki. Inna ta kama salati, Yaya Illa ya ruga neman malam. Ni kuwa na fita titi ba ko takalmi na tare taksi. Da Inna ta tsaya a ƙofa tana cewa a jira Illa, na ce mata, "Inna, ki gahwarce ni, ɗanki na, amma ni ka zama da takaba. Ba ni hanya." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba sai ranar.

A asibiti aka ce sai an yanki takarda kafin a duba shi. An kwantar da mutum a kan benci yana numfashi sama-sama, ni ina layin biyan kuɗi. Bayan wannan layin ga na awon jini. A wannan layi na biyu ne na ga wasan da ban je ba. Wani magidanci a gabana ya buɗe waya, mutum uku sun leƙa suna dariya, sai na ji ana kiran Sungumi a cikin wayar. Na leƙa ni ma.

A turmin farko ka ce Sungumin da ne. Ya jefa dama ta sauka a muƙamuƙin baƙon, wani dogon saurayi daga Agadas, fili ya ɗauki ihu. Amma saurayin ko gezau, naushin ba komai a cikinsa. A turmi na biyu ƙafafun mijina suka yi nauyi kamar mai tafiya cikin rairayi, hannuwansa suka sauko. Saurayin ya shiga haƙarƙarinsa, kana jin ƙarar kamar ana kaɗe tabarma. Ya faɗi a gwiwa, alƙali ya fara ƙirga, ya tashi. Na hango Metir a kusurwa da tawul a kafaɗa. Jefa tawul ɗin nan kawai zai yi a tsayar da wasa, bai jefa ba. A turmi na uku aka matse mijina a jikin igiya, igiyar ce ma ke riƙe da shi. Kansa yana zuwa baya yana dawowa, robar bakinsa ta yi tsalle da jini. Saurayin da kansa ya ja baya ya dubi alƙali kamar mai roƙo, alƙali ya yi masa alama ya ci gaba. Naushin ƙarshe ya same shi a gefen kunne, ya zube, ƙeyarsa ta daki katako. Mai wayar ya mayar da wurin baya don su sake gani.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na kaɗe wayar ta daki bango. Mutumin ya juyo zai zage ni, na nuna masa bencin na ce, "Ga shi can kwance, tahi ka gani da kyau, ba sai ka wahal da waya ba." Ya tsinci wayarsa ya sunkuyar da kai.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, Bazabarma, ƙarama haka, ba ta da yawan magana. Yaya Illa ya iso yana yi mata bayanin sammu, ta ce ya jira a waje. Ni ta tambaya, "Yaushe rabonshi da fitsari?" Na faɗa mata komai, tun daga rigar leda har ƙwayar ciwon jiki. Da sakamakon jini ya fito ta kira ni ta ce, "Madam, ƙodarshi ta tsaya. An busar da ita, an daka ta, sannan an zuba mata ƙwaya." Hoton kai kuma ya nuna jini ya ɗan taru a ciki, ta ce ba sai an yi aiki ba in Allah ya sa bai ƙaru ba. Ta faɗi wata kalma da har in mutu ba zan manta ba, diyaliz, wato wankin jini da inji tunda ƙoda ta ajiye aiki. Ta ce sai mun tafi Yamai, can za a haɗa masa injin da likitan kai.

Kafin a shirya tafiyar aka sa masa robar fitsari, aka rataye jakar a gefen gado, babu ko ɗigo a ciki. Ordinansi kuwa, wato takardar sayen magani, wannan na bin wannan, ka dawo daga kantin magani da leda a miƙo maka wata takardar. Man ambilans ma mu za mu zuba. Na aika Barmu aka sayar da saniyata ta gado, Yaya Illa ya kai babur ɗin mijina kasuwa. Ana cikin haka sai ga Metir da ƙullin sukari da sabulu, ya zo dubiya. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Na karɓi ƙullin na jefe shi da shi a ƙirji, sukari ya watse a baranda. Yaya Illa, wanda da shi aka yi ta zuga wasan, yanzu ya zaro wuƙar aiki daga kube ya bi shi har bakin ƙofar asibiti, sai da masu gadi suka danne shi. Tun ranar ba a sake ganin Metir a gari ba.

Mun yi fiye da wata guda a Yamai. Aka huda wuyansa aka sa roba, ta nan jini ke fita ya zaga cikin inji ya dawo. Ranar farko da na ga jinin mijina yana tafiya a cikin tiyo sai da na dafa bango. Hankalinsa ba ya jikinsa. In aka buga farantin ƙarfe a ɗakin sai ya ɗauka ƙararrawar wasa ce, ya yunƙura yana kai naushi. Wata rana na sunkuya ina goge masa baki, wata ma'aikaciya ta yar da kwano, sai na ji duniya ta yi wal. Na farka a ƙasa da haƙorina na gaba a kan harshe. Mutumin da naushinsa bai motsa saurayin Agadas ba, ni ya ishe ni. Daga ranar aka ɗaure hannuwansa a jikin gado, kuma zanena na yaga aka yi ɗaurin da shi, don na ƙi yarda a sa masa igiya.

Akwai wani majo, babban ma'aikacin jinya, da ke ce mana 'yan ƙauye duk lokacin da muka yi tambaya, na bar shi da Allah. Akwai kuma wata dattijuwa mai shara da ta ba ni tabarmarta, tana ajiye mini wuri a inuwa, ba ta san ni daga ko'ina ba. A lokacin an hana mijina ruwa sai ɗan abin da aka auna a kofin shayi, tunda ba ya fita. Aikina kallon jakar nan. Na yi sallah ina kallonta, na ci abinci ina kallonta. A cikin sati na uku, da safe, na ga wani abu rawaya yana gangarowa a cikin roba. Na kira majo, ya duba, ya gyaɗa kai. Kafin azahar jaka ta yi rabi. Na buga wa Inna waya ina kuka na ce ya yi fitsari, sai na ji tsohuwa ta rangaɗa guɗa a tsakar gida kamar an yi haihuwa.

Aka cire robar wuya aka sallamo mu, da takarda zuwa ga likitarmu ta Tawa. Na ɗauka an gama, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Likita ta ce yanzu magana ta juya. Ƙodar ta farka amma ba ta iya riƙe ruwa ba tukuna, zubarwa kawai take yi. Dole ya sha ruwa da yawa kullum. In ya sake bushewa a wannan zafin, ƙodar za ta tsaya, kuma ba ta yi mana alkawarin za ta sake tashi ba.

Na kai masa kofi, ya kawar da kai. Ya ce, "Ke, so kike ki ɓata min aiki? Gobe a awo."

Bugun da ya sha ya share masa komai tun daga ranar wasa. Bai san an yi awo ba, bai san an yi dambe ba, bai san Yamai ba. A kansa kullum gobe ne za a hau sikeli. In na faɗa masa gaskiya sai ya gyaɗa kai kamar ya gane, bayan ɗan lokaci ya nemi gwangwanin tofa yawu. Yaya Illa ya nuna masa wasan a waya, ya kalla ya ce wannan ba shi ba ne, wani tsoho ne. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi zagi. Ya kaɗe kofi ya fi a ƙirga. Aka sa masa ƙarin ruwa a asibiti, ya fizge allurar, jini ya yi tsartuwa har bango.

Sai Yaya Illa ya ce a yi masa ɗura irin ta rago. Ya kawo mahauta uku, suka kayar da shi a tsakar gida, ɗaya ya hau ƙirji, biyu suka danne hannuwa, Illa ya matse masa hanci ya cusa bakin buta. Mijina yana harbin iska, yana kakari, ruwa na fita ta hanci, idanunsa sun firfito yana kallona. Ya samu yatsan Illa ya datse har ƙashi. Na ɗauki muciya na bi su ɗaya bayan ɗaya har waje. Da likita ta ji ta ce kada a kuskura a sake, ruwan zai tafi huhu ya kashe shi. Ga shi fitsarin ya fara komawa ja, leɓɓan sun fara tsagewa. Abu ɗaya yake maimaitawa: "Metir ya ce kar in sha sai an yi awo."

Inna ce ta fara faɗa, a hankali, tana kallon ƙasa. "Ɗiyata, wanda yaɗ ɗaure shi ka kwancewa." Na gane nufinta, na ji kamar na haɗiye garwashi. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na yi tambaya har na gano Metir yana gidan ƙanwarsa a bayan kasuwar dabbobi. Da ya gan ni ya miƙe yana neman hanyar gudu. Ya rame shi ma.

Na ce, "Ban zo gaisuwa ba, kuma ban yahe ba. Ɗauko sikelinka ka biyo ni."

Ya ce, "Madam, Illa kashe ni za ya yi."

Na ce, "In mijina ya mutu, ni za ni riga Illa."

Ya ɗauko sikelin ya saɓa tawul a kafaɗa, ya biyo ni a baya. Da muka shiga gida ya ajiye shi a tsakar gida, ya gyara murya ya koma Metir ɗin da, ya daka tsawa, "Sungumi, awo!" Wallahi mutumin da sai an tallafe shi yake zuwa ban ɗaki, sai ga shi ya miƙe da kansa. Ya tuɓe riga, haƙarƙari duk a waje, ya hau yana rawar ƙafa. Metir ya sunkuya ya duba allurar, wadda ta tsaya can ƙasa da abin da ake nema. Ya ɗago ya ce, "Ka shiga. Sha ruwa." Mijina ya yi murmushi ya miƙo hannu. Ya shanye kofi uku a tsaye, ni ina riƙe da buta ina ƙara masa.

Da gari ya waye ya manta, gobe ne awo. Metir ya dawo. Haka muka yi ta yi kowace safiya, har bazara ta wuce, aka yi ruwan shuka, gero ya kai gwiwa. In an yi awo da safe, sai ya sha ruwa wunin nan ba gardama. Metir bai taɓa fashi ba, ko ranar da aka wuni ana ruwa ya zo a jiƙe. Na daɗe ban amsa gaisuwarsa ba. Daga baya na fara ajiye masa kujera, amma ban taɓa ba shi ko kunu ba. Har yau in na tuna tawul ɗin nan a kafaɗarsa zuciyata tafasa take yi, kuma har yau na san ba don shi ba da na yi takaba. Duka biyun gaskiya ne, na rasa yadda zan yi da su.

Ina gode wa likitarmu, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba duk da bakina. Ina gode wa dattijuwa mai shara, da 'yan'uwana na Barmu, da Inna da ta sayar da awakinta ba ta faɗa wa kowa ba. Yaya Illa ma na gode, shi ke yanka naman yanzu, don hannun mijina rawa yake yi, ba ya iya riƙe wuƙa, sai dai ya zauna a tebur ya naɗe wa masu saye. Gishiri da kanwa an hana shi, kilishin da yake sayarwa ma ba ya ci, kuma duk wata muna komawa awon jini. Masu shirya wasan kuwa, har yau ba wanda ya tako gidanmu.

Ke matar ɗan dambe, in mijinki ya yi shekaru a zaune aka zo ana zuga shi ya koma, ki tsaya a ƙofa. In kin ga rigar leda da filasko, ki ƙone su. In an kawo miki shi bayan wasa, kada shigowa da ƙafarsa ta ruɗe ki, ki duba fo. In fitsari ya yi baƙi ko ya ɗauke, ko yana amai da ciwon kai, ki tare mota, kada ki jira kowa ya ba ki izini.

Awon ƙarshe da aka yi a gidanmu wata safiya ce bayan an kwana ana ruwa. Metir ya ajiye sikeli, ya kira, mijina ya fito ya hau. Metir ya ce, "Ka shiga. Sha ruwa." Amma bai sauko ba, bai kuma miƙo hannu ba. Ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Ya shafa tabon da ke wuyansa. Ya dubi ciyawar da ta tsiro a gindin katanga, ya daɗe yana kallonta, don shi a saninsa bazara ake ciki.

Ya ce, "Rakiya."

Na ce, "Na'am."

"An yi wasan, ko?"

"An yi."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin ruwan shuka."

Sannan ya ce, "An kada ni?"

Metir ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Na ce, "An kada ka. Ka sha kashi ƙwarai, saura kaɗan ka mutu."

Ya sauko a hankali ya zauna a ƙasa, cikin laka. Ya ce wa Metir, ba tare da ya dube shi ba, "Ɗauki abinka, kar ka sake kawo shi." Metir ya ɗauka ya fita. Mijina ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka mai sauti, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba ko ranar da mahauta suka danne shi. Ban ba shi haƙuri ba, na zauna kusa da shi na bari ya yi abinsa. Da ya gama ya share fuska da bayan hannu, ya ce, "Ƙishirwa nike ji."

Na tashi na ɗebo masa a randa. Ya shanye, ya miƙo mini kofin na ƙaro.